Zanen Yatsana a Cikin Mul

Ni ne Bilya, duk Garwa an san ni. Boko aji uku na yi malamin ya gaji da ni, amma a aikin mul ko 'yan Duwala sai sun rusuna mini. In ɗan mutum-mutuminka na ado ya karye, sojan roba ne, ɗan ƙwallo ne, ko ƙafar waliyyin coci, kawo mini. In shafa wa na asalin ruwan roba, shafi goma sha biyu, kowanne sai ya bushe. In saɓule shi kamar safa, wannan shi ne mul. In zuba rezin, wani ruwa mai kama da danƙo, a ciki ya daskare, ga ɗan'uwansa ya fito, ko mai shi ba ya rabewa.

Abokin aikina Aristide mutumin Ngong ne, bahago. Shekara goma sha ɗaya muna rumfa ɗaya a Yelwa. Shi ke ƙera abin da babu da yumɓu, ni in yi mul. Kullum wa'azinsa ɗaya ne:

"Baba Bilya, ka goge yumɓu da jiƙaƙƙen buroshi kafin ka shafa roba. Ko zanen yatsa ɗauka take."

Ni kuwa in ce, "To, Mesiye Farfesa."

Wata Talata ya tafi Ngong jana'iza. Gab da magariba na sauka daga moto, wato babur, da galan ɗin ruwan roba, zan ajiye in rufe rumfa. Ruwan roba wari gare shi kamar tsohon fitsari, yana hawa kai. Amma a ranar wani wari ya danne shi, warin laka da kifin Binuwai.

Na waiga. Mace ce a ƙofa, doguwa, mayafinta yana ɗiga. Rabonmu da ruwan sama wata huɗu.

Ta ajiye 'yar tsana a teburi, tsawon kamu ɗaya, ba hannun hagu.

"A yi mata," ta ce a hankali.

Na ɗaga 'yar tsanar. Da ɗumi. Ƙafa ɗaya baƙa, ɗayar ja. Hannun daman har da farce, har da tabon zobe. Na ce a raina aikin Sin ne, sun iya ƙarya.

"Hajiya, mul ba ya juya hannu. In na kwafi na dama, na dama za ki samu. Hagu sai an ƙera, maƙerin kuma ya yi tafiya."

"Kai ba ka iya ba ke nan."

Ni? Bilya? Na ce ta dawo Juma'a.

Na ƙera hannun, ya yi kyau har na gaishe shi. Na lailaye tafin da babban yatsana na hagu da ɗan miyau. Buroshin Farfesa yana can cikin gwangwani, ban ko kalle shi ba. Kwana uku ina shafi ina shanyawa, na yi wa mul ɗin rigar filasta mai tauri don kada ya lanƙwashe.

Juma'a Aristide ya dawo, yana bayan rumfa yana wanke kayan aiki. Rana ta yi ja. Warin laka ya shigo kafin ita.

Na haɗa rezin da maganin daskarewa, na juya, na tsiyaya ta bakin wuyan hannun. Daga nan minti ashirin ne, ya yi zafi, ya kama. Ta sunkuyo tana leƙen mul ɗin.

"Akwai mutum a ciki," ta ce.

"Ƙwarewa ce, Hajiya."

"Zanen yatsansa ya fito sarai. Wancan na ƙafar sai da na sha wahala."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Sai ɗan ƙaramin yatsana na hagu ya ɗauki zafi.

Na taɓa mul. Zafinsu ɗaya.

Na ce in lanƙwasa yatsan. Ya ƙi. Na kusa da shi ma ya fara nauyi, kamar ana ɗura mini kunu a ƙarƙashin fata. Unguwa ta yi tsit, ba moto, ba rediyo. Sai ɗigar mayafinta. Ɗis. Ɗis.

Na kai hannu zan kifar da mul. Ta ɗora yatsa ɗaya a kansa. Kamar an kafe shi da ƙusa.

"Hajiya, ki yi wa Allah."

"Hannun mai zane nake karɓa," ta raɗa.

'Yar tsanar ta juyo da kai.

Zafi ya kai tafin hannuna. Na dubi bakin mul, rezin ya yi kauri kamar alewa, bai gama kamawa ba. Ku ji inda kan tsoho yake aiki.

"Aristide! Zo ka taɓa mini wannan, ya kama kuwa?"

Ya shigo yana goge hannu a wando. Bai ko dubi matar ba, ashe ba ya ganinta.

"Da yatsa, Baba? Ina tsinken gwaji?"

"Ya faɗi. Idona ba ya gani, yi sauri, mon ami, abokina."

Ya yi murmushi. "Tsufa ya zo, Baba Bilya."

Ya danna babban yatsansa na hagu.

Zafin ya zare daga hannuna kamar an cire ƙaya.

Aristide ya ɗago hannu. Ina kallo hannunsa ya yi rawaya, ya yi sheƙi, daga farce har wuyan hannu. Ya buga shi a teburi, ƙwas.

Matar ta ɓare mul, ta manna wa 'yar tsana hannu. Yatsu biyar suka motsa, suka kama mayafinta.

Ni dai ban tsaya sallama ba. Ta taga na fita, da shekaruna saba'in, na bar takalmi ɗaya.

Aristide yana Ngong yanzu, matarsa Agnès ke ɗaura masa maɓalli. Likita ya ce wai guba ce ta rezin. Ran da na je gaishe shi har ya riƙe ni da hannun dama yana cewa, "Gara ni da kai, Baba, da kai ka taɓa da tsufanka ba ka tashi." Na ce wallahi haka ne. Na ci tuwonsu, na ƙara.

Abu ɗaya ne dai. Da na koma rumfa washegari, mul ba ya nan, galan ɗin rezin ma ba ya nan. Zanen Aristide a zubi ɗaya ya hau. Nawa yana cikin robar.

Mul ɗin wani yana zubi biyar ya yage. Nawa yana talatin, ni na yi shi, na san aikina.

Sa'ata ɗaya, ba ta iya haɗin rezin ba, kumfa ke ɓata mata zubi. Shi ya sa da kaɗan-kaɗan take samu. Bara ɗan ƙaramin yatsana ne ya sandare. Bana biyu suka tafi a wata ɗaya.

Tana koyo, shegiyar.