Kwikwiyon Mama Chimdi

Madina ta shigo shagon maganin dabbobi da ke unguwar Congo-Russia riƙe da kwali nesa da jikinta, kamar mai ɗauke da garwashi. Saurayin da ke bayan kanta ya leƙa ciki ya ga ɗan kwikwiyo ja yana rawar sanyi, sannan ya ɗago ya ga fuskarta. Daga nan fa ya manta da kwikwiyon.

"Malam, shi na kawo a duba, ba ni ba," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai don kunya. Sunansa Ashraf, ya karanci kiwon lafiyar dabbobi a Vom.

Ta kwashe labari ta faɗa masa. Gidan mahaifinta Alhaji Labaran gidan haya ne, mutum ashirin da ɗoriya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Mama Chimdi, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da garin rogo, ta shekara goma sha biyar a cikinsu. Ɗanta tilo Chimdi ya rasu a haɗarin mota a hanyar Bukuru, kwana uku bayan ya sayo wannan kwikwiyon ya raɗa masa suna Soja. Ƙafafun tsohuwar sun kumbura, ba ta iya binsa, shi kuwa duk inda ya ga dama nan yake tsugunawa.

"Baba ya ba mu mako uku. In bai daina ba, za a fitar da shi. Ita kuma ta ce ƙafarsa ƙafarta."

"Kada a doke shi," in ji Ashraf. "Lokaci yake so, da wuri guda. Kuna jin kiran sallah daga gidanku?"

"Masallaci a jikin katangarmu yake."

"To duk sanda ladan ya kira, da duk sanda ya ci abinci, ki kai shi lungu guda a waje. In ya yi, ki yaba masa. Ki ba ni lambarki saboda bibiya."

Ta harare shi, amma ta bayar.

Bibiyar ta wuce ta kare. Kullum sai saƙo ya shigo: "Gimbiya, yaya ɗalibinmu? Yaya kuma malamarsa, wadda ta hana ni sukuni?"

Ita kuma ta mayar: "Ɗalibi ya ci jarabawar Azahar. Malama tana kewar likitanta, amma kar ka faɗa wa kowa."

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Labaran, sai ya ɗaure fuska. "Mutumin da ya wuni karnuka suna lasar hannunsa? Da wane hannun zai ci tuwo a gidana? Na haƙura da na Mama Chimdi saboda maraicinta, ba zan ƙara da suruki ba."

Madina ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Ashraf so na gaske, kuma ta san in Baba ya ce a'a da wuya ya sake.

Ana cikin haka sai ga Nura, ɗan aminin Baba, mai shagon waya, wanda ya daɗe yana yi mata zarya tana kaucewa. Ya miƙo mata wayarsa: hoton Ashraf ne a kan babur, da wata mace a bayansa ta riƙe kafaɗarsa.

"Cordelia sunanta. Kullum suna tare. Ni dai tausayinki nake ji."

Ta rubuta wa Ashraf: "Ka gaida Cordelia. Kar ka sake nemana." Ta kashe wayar, ta kulle kanta a ɗaki.

Aka kira La'asar. Soja ya ruga bakin ƙofar gida kamar yadda ya saba, ya yi ta kuka yana kartar ƙarfen. Mata na ta daka, yara na ta guje-guje, babu wanda ya kula. Da ya matsu, sai ya juyo ya jiƙa gefen dardumar Alhaji da ke shimfiɗe a baranda, ya kuma tsoma baki a butar alwalarsa.

Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata kowa ke nan.

"Gobe da safe kar in gan shi."

Mama Chimdi ta dafa bango ta fito. "Alhaji, don Allah. Shi ne ya rage mini. Chimdi ya tafi, wannan ma zai tafi?"

Madina ta fito daga ɗaki ta durƙusa. "Baba, laifina ne. Ya je ƙofa, ni ce ban buɗe ba."

Sallama aka yi daga zaure. Ashraf ne, hankali a tashe saboda saƙon, ga kuma Cordelia a bayansa, mace mai furfura a goshi, wadda hoton bai nuna fuskarta ba.

"Ni ce ogarsa, ni ke da shagon," ta ce wa Madina. "Gonar kaji yake kai ni. Na haifi wanda ya girme shi, 'yata."

Madina ta rufe fuska da mayafi, kunya da nadama suka rufe ta.

Ashraf ya dubi dardumar da butar, ya gane abin da ya faru. Ya durƙusa gaban Alhaji. "Baba, ku ba ni izini in gyara."

Alhaji ya matsa gefe ya ba shi wuri. Ashraf ya naɗe hannun riga, ya ɗebo ƙasa mai tsabta daga gindin katanga, ya cuɗa butar ciki da waje, sannan ya bi ta da ruwa yana ƙirgawa a hankali har wanki bakwai. Ya kai dardumar famfo ya yi ta zuba ruwa har wari ya ɓace. Da ya gama, ya buɗe jakarsa ya ciro wata riga a ninke cikin leda.

"Wannan fa?" in ji Alhaji.

"Ta sallah ce, Baba. Ba na sallah da kayan aiki. Mahaifina ya sa mini wannan sharaɗin tun ranar da na fara karatun."

Alhaji ya ɗauki butar ya jujjuya ta, ya cika ta da ruwa, ya miƙa masa.

"Yi alwala. Kai ma ba ka yi La'asar ba, na gani a fuskarka."

Soja ya kwana a gidan, ya kuma ci gaba da kwana. Nura bai sake biyowa ta layin ba.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure a masallacin jikin katanga. Mama Chimdi ta rungume amarya tana hawaye. Alhaji ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba." Gida ya amsa da amin.

Damuwa ɗaya ta bi Madina gidan miji: wa zai riƙa buɗe wa Soja ƙofa? Washegari da La'asar saƙon mahaifiyarta Ladi ya shigo, ta karanta wa Ashraf tana dariya tana share hawaye:

"Amarya, kwantar da hankalinki. Ana kiran sallah Babanki ya tattare babbar rigarsa sama, ya buɗe ƙofa, ya ce da Soja, 'Wuce, amma kar ka taɓa ni.' Ya tsaya ya jira shi ya gama kafin ya shiga masallaci."