Tabon Fiffiken Ɗawisu

"Ki cire zoben baikon nan, Krupali!"

Bapu, mahaifina, ya doka guduma a kan teburi har fallayen zinare suka yi tsalle.

"Me Mitul ya yi kuma?"

"Au, tambaya kike? Ɗawisunmu ne ya cika kasuwar Rajkot, a rabin farashi! Ban da ke da ɗan gidan maƙeran can, wa zai fitar da shi?"

Yayana Jaydip yana jingine da ƙofa yana taunar goron ganye. "Ai na faɗa maka, Bapu. Surar ɗawisun yake so, ba Krupali ba."

Haushi ya turnuƙe ni. Hatimin tagullar da muke buga fallen zinare a cikinsa ya fito da ɗawisu, tun kakan kakanmu yake. Mace ba ta taɓa shi, wai za ta kai sirrinsa gidan miji. Makullin akwatinsa biyu ne, na Bapu da na Yaya. Ni aikina goge abin da suka buga, shekara tara kenan.

Kafin azahar Bapu ya kira mahaifin Mitul ɓarawo a gaban 'yan layi.

Mitul ya tare ni a wajen mai shayi, idanunsa jawur.

"Rayuwata... wallahi ban taɓa ganin hatiminku ba."

"Na sani."

"Babana ya rantse. In Bapunki bai wanke shi a gaban mutane ba, babu aure."

Ya danƙa min ɗan kunne guda da ya sayo cikin na kasuwar, ba nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Ina shafa shi yatsana ya tsaya cak.

Da gudu na koma shago.

"Bapu, sa gilashinka ka duba fiffiken hagu."

"Ba ni da lokacin shirme."

"Ka duba, don Allah!"

Ya duba.

"Hatiminmu ya tsage a wajen nan," na ce. "Duk wanda kuka buga sai ya fito da ɗan tudu, ni ke goge shi kafin ya bar shagon nan. Wanda ya kwafa daga kayanmu ba zai samu tudun ba. Wannan kuwa ga shi nan zaune. Da hatimin kansa aka buga shi, Bapu... kuma makulli biyu ne."

Yaya ya daina tauna.

Bapu ya daɗe yana kallonsa. Na ga ya gane, wallahi na gani!

"Ka je ka faɗa musu, Bapu. Kalma ɗaya ce."

"In ce ɗana ne? A layin nan? Wa zai ƙara ba shi zinare ya riƙe?"

"Ni fa? Ni ba 'yarka ba ce?"

Ya jefa ɗan kunnen cikin kasko, ya kunna wuta. Ina tsaye ɗawisu ya lanƙwashe, ya dunƙule, ya koma ɗan ƙwallo ja.

"Ban ga komai ba," ya ce.

Na leƙa waje. Mitul yana tsallaken titi, ya ɗaga min gira yana murmushi, wai ya ake ciki?

Na girgiza masa kai.