Giyar da Ba Ta Son Kifi

A kasuwar Maubourguet Peio ya fara ganin Maylis. Shi yana sayar da kifin da ya kamo a Ciboure, garinsu na bakin teku, ita tana ba masu wucewa ɗanɗanon jar giyar inabi ta gonar mahaifinta da ke Madiran. Ta miƙa masa kofi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kai! Ta ɗaure min harshe."

"Ba laifinta ba ne, cikinka ne wayam," ta ce tana dariya. "Ita sai da maiƙo."

Bayan wata huɗu ta kai shi gida cin abincin Lahadi. Ya zo da abin da mutanen teku suka fi girmama baƙo da shi, kifin sardin sabon kamu, ya gasa da hannunsa. Baba Firmin, mahaifinta, ya buɗe kwalbar giyar da ya ajiye tun shekarar da aka haife ta, baƙa wuluk, mai ƙamshin busassun 'ya'yan itace da fata. Ya ci kifin, ya kora da giyar, sai ya tofar a adiko.

"Kamar na tauna tsatsa! Shekara ashirin da huɗu tana jiran ƙirjin agwagwa da cukun tumaki, ka zo ka kashe ta da ƙarni. Mai kifi, wanda bai san abin da ake ɗorawa a teburina ba, ba zai zauna a gidana ba."

Daga ranar Gaëtan, ɗan maƙwabcinsu mai kiwon agwagi, ya gaje kujerar Lahadi.

Peio ya rubuta mata: "'Yar inabina, an ce an ga ki a motar Gaëtan. Ki faɗa min da bakinki."

Ta amsa: "Asibiti ya kai mu. Zuciyar Baba ce. Kada ka zo, ganinka zai ƙara masa."

Likita ya hana tsohon maiƙo, giya kuma rabin kofi a rana. Sai dai giyarsa a kan dafaffen ganye ɗaci ce kawai da bushewar baki. Ya daina sha, ya daina leƙa ɗakin gangunan giya, daga baya ya fara ture faranti. Maylis tana kallon wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Duk lokacin sanyi ba ta kira Peio ba, shi ma bai kira ba.

A watan Maris ta rubuta: "Baba yana ƙarewa a gabana. Kai ma na rasa ka. Na gaji, Peio."

Washegari Peio ya shigo ta ƙofar kicin da tsokar kifin tuna, ja kamar ta sa. Ashe duk watannin nan yana ɓata tukwane a gidan mahaifiyarsa, yana neman kifin da zai iya da wannan giya. Ya dafa giyar da albasa da barkono har ta yi kauri, sannan ya jefa kifin.

Baba Firmin ya dubi farantin, ya dube shi.

"Ka dawo ka ƙarasa ni ke nan?"

"Loma ɗaya, Baba. In ta yi tsatsa, na tafi har abada."

Tsohon ya ci, ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba. Maylis ta riƙe bakin tebur.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce. Ya sake cika cokali. Da ya share farantin da burodi, bai ɗago kai ba ya tambaya, "Gobe ma za ka dafa?"

"Ciboure da nisa, Baba."

"To wa ya ɗaure ka a can?"

Bayan an tsinke inabi aka ɗaura auren. A kujera aka kawo Baba Firmin coci, don ƙafa ta riga ta ƙi. Ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Ku daɗe tare fiye da yadda zan gani. Allah ya yi muku albarka."