Kimar Hoton Ɗakin Baba

"Ka ce yana da tsada kawai, Yusha'u... don Allah."

A tashar bakin iyaka na tsare shi, yana sauke kwalayen kayan ado daga motar Maraɗi. Washegari za a raba gadon Babana, kuma shi liman ya zaɓa ya yi wa hoton bangon ɗakin Baba kima, tunda sana'arsa ke nan.

Hoton duwatsu ne da ruwa mai gangarowa, cikin firam mai ruwan zinare. Baffa Rabe, ƙanen Baba, ya rantse wani Bature ne ya zana shi da hannu, wai darajarsa ta kai gonarmu ta Daddara. Nufinsa hoto ya faɗa rabonmu ni da Inna, gona ta faɗa nasa.

Ni kuwa wallahi tsoro ya gama da ni. Baffa ne waliyyina, in ransa ya ɓaci aurena da Yusha'u ya wargaje.

Yusha'u ya dube ni.

"Rabin raina... to Inna me za ta ci?"

Da kuka na koma gida.

Da hantsi maza suka taru a zaure, na laɓe bayan ƙyaure. Aka miƙa wa Yusha'u hoton. Ya shafa, ya juya shi ya duba bayansa. Sannan ya ce a yi haƙuri, bugun inji ne, irinsa sak yana da arba'in a shago, kuma bai wuce kuɗin tiya biyar ta gero ba.

Baffa ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce muddin yana numfashi, wannan marar kunyar ba zai auri 'yar ɗan'uwansa ba. Ya fice ko sallama babu.

Sai ga Inna, wadda tun da ta fita takaba ba a ji muryarta a zaure ba, ta ratsa ta gabana ta tsaya gaban Yusha'u.

"Ɗana, ka san abin da za ka rasa, amma ka tsare mini abincina. In Rabe ya ƙi ɗaura muku, alƙali zai ɗaura. Da ƙafata zan je."

Sai a lokacin na leƙa na dube shi. Hawaye na bin gemunsa. Ashe ya fi ni jin tsoro.