Kyautar da Na Yi a Motar da Ba Direba

Daddawa ce ta fitar da ni ran nan, ba wani abu ba. Daddawa da kuka da ɗan man shanu. Maigidana Ghali ya daɗe yana mitar shinkafar 'yan China ta ishe shi, sai Zalika, wata 'yar Maraɗi mai ɗan gidan abinci a unguwar Dengfeng, ta yi mini waya cewa kayan miya sun iso daga gida. Na ɗauki yarinyar muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa tun bayan azahar.

Yarinyar da nake faɗa Saffana ce, 'yata ta fari. Yanzu ne bakina yake iya furta haka. A lokacin "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Tun da aka yaye ta tana hannun Hajiyar Ghali a Gwammaja, sai bara da ciwon ƙafa ya matsa wa tsohuwa aka kawo mana ita Guangzhou, tana da shekara bakwai. Anti take ce mini. Ni kuwa haka na tashi na ga uwata tana yi da babban yayanmu, ko ruwa ba ta miƙa masa a gaban mutane. Kunya ce, kuma ban ga abin gyara a ciki ba.

Zalika da surutu, Allah Ya shirye ta! Sai da ta ba ni labarin kowa da kowa a Maraɗi. A hanyar dawowa, kafin mu fito daga tashar Panyu gari ya rufe, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ga magariba ta kawo kai. Gidanmu kuwa can bayan masana'antu yake, da nisa. Na kira Ghali, yana sito ana loda kwantena.

"Ku tsaya nan," in ji shi, "bari in turo muku motar nan da ba direba."

"Haba Alhaji! Da magaribar nan za ka saka mu a akwatin da ba kowa?"

"Ke dai ƙauyanci ne ya yi miki yawa. Sai da hukuma ta tantance su kafin ta bari su hau titi. Akwai iyakar da aka shata musu, ba sa ƙetare ta. Kuma akwai mutum a ofis yana kallonku ta kyamara. Wallahi ta fi direban Kano hankali."

Raina bai kwanta ba, amma takalmana sun riga sun cika da ruwa.

Motar ta zo, fara tas, da wani abu kamar tukunya a kifa a samanta yana juyawa. Ƙofa ta buɗe da kanta. Ciki sanyi, da warin sabuwar roba. An raba gaba da baya da gilashi, an manna hoton hannu an soke shi da jan layi, wato kada wanda ya zauna gaba ko ya taɓa sitiyari. Na tura yarinyar ciki, na ɗaura mata bel, na ɗaura nawa. Wata muryar mace ta yi 'yan kalmomi da Sinanci, muka tashi.

Sitiyarin yana juya kansa. Na kau da ido daga kansa. Na riƙa gyara zama, ina duba waya, ina mayar da ita jaka, ina sake ciro ta.

Da farko ƙamshin daddawa ne ya cika motar. Can sai wani ya danne shi. Turaren wuta, irin na ɗakin tsofaffi, wanda ya kama bango da tabarma. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗanyen wari, kamar an leƙa tsohuwar rijiya.

"Sannunku da hanya."

Hausa ce, ta Kano, muryar tsohuwa mai ƙarancin haƙori. Har na yi dariya. Mutanen nan ba abin da ba za su yi ba, na ce a raina. Ai a kasuwar Liwan ma lawban, wato mai shago, yakan yi magana a waya ta juya masa ita zuwa Hausa. Na ɗauka sun ga sunan Ghali ne suka sa mana tamu.

"Yawwa Iya, sannu da aiki," na ce.

"'Yar nan taki ce?"

Ghali ya taɓa gaya mini ba sa ɗaukar yaro sai da babba nasa, na san kila abin da ake tambaya ke nan. Amma bakina ya riga hankalina.

"Wa, ni? Ta kakarta ce."

"Ayya. Tubarkalla, ga ta son kowa. To a ba ni ita mana."

Wace uwa ce ba a taɓa yi wa wannan wasan ba? A gidan biki, a gidan suna, duk tsohuwar da ta ga yarinya haka take cewa. Amsar ma sananniya ce.

"Ɗauke ta Iya, na ba ki. Na huta da rigima."

"Madalla. Na karɓa."

Saffana ta ɗago ta dube ni, ta mayar da fuska ga taga.

Sai na ji ƙaras.

Bel ɗin kujerar direba ne. A kan idona ya jawo kansa, ya ratsa iska, ya shige makullinsa. Bai kwanta a jikin kujerar ba. Ya tsaya a bisa wani abu, ya yi tudu. Kujerar ta lotsa a hankali, irin yadda katifa take yi in mai jiki ya zauna.

Na ce idona ne. Na murza shi da bakin mayafi.

Lasifika ta yi ƙara, wani saurayi ya yi gyaran murya. Ya fara da Sinanci, da ya ji shiru ya koma guntun Turancinsa. Shi ne mutumin ofis da Ghali ya faɗa.

"Madam, da wa kike magana?"

"Da na'urarku mana, mai Hausa."

"Meyo," ya ce, wato babu. "Motarmu ba ta jin wannan yaren. Ni ma yanzu na buɗe layi."



Na ji yana danne-danne, yana numfashi da sauri. Ya kira wani, suka yi magana sama-sama. Ya dawo.

"Madam, ki gaya wa na gaba ya saki sitiyari."

"Babu kowa a gaba!"

"Na sani. Ina gani. Amma akwai hannu a kansa."

Ya yi ta bayani yana sarƙewa. Wai doka ce ta sa aka ƙera motar haka, don tsaron rai: duk lokacin da hannu ya kama sitiyari, na'ura sai ta sakar masa. Shi ma daga can ba shi da ikon ƙwacewa. Ya ce in danna jan maɓallin da ke gabana. Na danna. Na sake dannawa. Na buga shi da tafin hannu har ya yi mini zafi.

Motar ta saki babban titi ta yi hagu.

A allon da ke gabanmu akwai taswira, da shuɗin layin da aka ce ba ta ƙetarewa. Na ga ɗigonmu ya hau layin, ya wuce shi, ya shiga wani fili fari da ba a zana komai ba.

Fitilun titi suka ƙare. Kwalta ta ƙare. Ganyen ayaba yana sharar gilashi ta kowane gefe, shaf, shaf. Tsakanin gonakin ina hango tafkunan kifi, baƙi ƙirin. Na kira Ghali, wayar ko ƙara ba ta yi ba.

"Madam? Mad..."

Muryarsa ta yanke.

Ruwa yana sauka a gilashi, ina ganinsa, amma na daina jin ƙararsa. Abin da nake ji kawai numfashi ne daga gaba, mai ɗan busasshen tari a ƙarshe.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ayar da nake karantawa tun ina 'yar ficiciya, sai ga ni ina maimaita farkonta na kasa wucewa.

"Ke," na raɗa wa yarinyar, "matso nan."

Ba ta matso ba. Tana kallon kujerar gaba, tana ɗan murmushi, irin wanda take yi wa kakarta a waya. Ni ba ta taɓa yi mini shi ba.

Motar ta tsaya.

Fitilarta ta haska gindin wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi a rataye, an ɗaɗɗaure ta da jajayen ƙyallaye da suka koɗe. Bayanta tafki ne. Ruwan sama yana zuba ko'ina, amma fuskar tafkin ko motsi ba ta yi.

Ƙaras. Bel ɗin gaba ya saki. Kujerar ta taso.

Ƙaras. Na Saffana ya saki.

Ƙofar gefenta ta buɗe.

"Anti," ta ce a hankali, "ta ce in zo."

Na kai hannu ga nawa bel ɗin, ya ƙi. Na miƙe iya tsawona na cafko tsintsiyar hannunta. Sanyi ƙalau. Ƙafarta ɗaya ta riga ta sauka cikin taɓo. Ɗaya hannun nata a miƙe yake waje, yatsunta a dunƙule a kan abin da ba na gani, kuma ana jan ta. Ba da ƙarfi ba. A hankali, kamar mai jan akuyar da ya san tasa ce.

"Sake ta!" na ce. "Don girman Allah!"

"Ke kika ba ni." Yanzu muryar a bakin ƙofa take, har ina jin hucinta. "Da bakinki."

"Wasa nake yi! Kowa ya san wasa ne!"

"Ni ban sani ba. Na tambaye ki, kin ce ba taki ba ce."

Hannun yana zamewa daga nawa. Tsintsiya ta tafi, saura tafi. Tafi ya tafi, saura yatsu.

"Zan sake tambaya," in ji ta. "Ta wace ce?"

Wallahi ba zan ɓoye muku ba, na buɗe baki maganar ta tsaya mini a wuya. 'Yata tana tafiya cikin tafki, ni kuwa wani abu a ƙirjina yana cewa ba a faɗa, ba a faɗa, abin kunya ne. Shekara takwas harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tsoron kaina ne na ji.

Saffana ta waiwayo ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Jira take yi.

Yatsa biyu suka rage.

"Saffana!"

Ban san ina da murya haka ba.

"Tawa ce! 'Yata ce, ni na haife ta! Ni na yi naƙudarta a ɗakin uwata har na ce mutuwa zan yi! Ban ba ki ba, ban ba kowa ba! Saffana, zo nan!"



Sai aka sake ta gaba ɗaya. Ta faɗo jikina, kanta ya bugi haɓata har na ciji harshe. Ƙofa ta rufe garam. Ƙarar ruwan sama ta dawo a rufin motar lokaci guda. A can tsakiyar tafkin wani abu ya nutse, ruwan ya yi zobe ya lafa.

"Madam! Madam! Hannun ya saki! Kada ki motsa!"

Saurayin nan kuka yake yi, na ji a muryarsa. Shi ya ja motar da baya daga ofis, a hankali, har muka hau kwalta. Ni dai na ƙanƙame yarinyata ina karanta ayar, wannan karon har ƙarshenta.

'Yan sandan hanya da mutanen kamfanin sun yi ta zirga-zirga a kanmu. So suke su san wa za a kama da laifin fita daga iyaka. Kamfani ya ce hannu ne ya karɓi tuƙi, don haka ba na'urarsu ba ce. 'Yan sanda suka ce to hannun wa? Suka duba gilashin tsakiya, a rufe yake yadda aka ɗaure shi. Suka kalli hoton kyamara ya fi a ƙirga, ga ni a baya a ɗaure, ga kujera a lotse. Wani dattijo a cikinsu ya tambayi inda motar ta tsaya, da aka gaya masa sai ya kashe sigarinsa ya fita. A ƙarshe tafintan da suka kawo ya ce mana dokarsu ta san mutum, ta san na'ura, ba ta da wurin da za ta ajiye wannan. Aka sallame mu. Ghali bai ƙara ce mini 'yar ƙauye ba, kuma ko ruwan duwatsu ake yi da ƙafa muke tahowa daga tasha.

Saffana ta yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, aka yi mata tofi, ta warware. Ba ta ce komai a kan abin ba, na ɗauka ma ta manta. Na mayar da shimfiɗarta ɗakina. Ina kiran sunanta a gaban kowa, har Zalika tana riƙe baki tana cewa China ta cire mini kunya.

Ran wata Juma'a na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna ina yi mata kitso. Na kai rabin kai, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Anti."

"Na'am, Saffana."

"Da ta sake tambayarki, me ya sa kika daɗe?"