Injin Da Ya Faɗi A Hanyar Illo

Hamdiyya na tankaɗe a tsakar gida sai ta ga an fito da buhun shinkafar da Namadi, mai neman aurenta, ya aiko na gaisuwar surukai. Mahaifinta, Malam Usuman dillalin shanu, yana biye da shi fuska a murtuke.

"A maida mishi. Wanda ya shiga banki neman inji ya shiga riba, kuma ba ni ba maciyin riba ɗiyata."

"Baba, bankin Musulunci na fa! Su za su sayi injin gyaran shinkafa su saida mishi, kuɗin ba su ƙaruwa ko ya makara..."

"Duk banki banki na."

Malam mutum ne da in ya ce a'a, ko bijiminsa bai kai shi taurin kai ba. Hamdiyya ta sha kuka har ta rame, amma ba ta ƙara musu da shi ba, kuma ta hana Namadi turo masu ban baki.

Ana haka motar da ta ɗauko injin daga Bagudo ta kife kafin Illo, injin ya yi raga-raga. Malam ya tausaya, ya je jaje. Ya tarar da Namadi yana share rumfa hankali kwance.

"Yaro, sun ɗora maka bashin ƙarfen da ya mutu ko?"

"A'a, Baba. Manaja ya ce tunda ba su damƙa mini ba, nasu na, hasara tasu ta. Wani na tahe."

Malam ya tuna da nasa cinikin. Bara bijimin da ya sayar bashi zuwa kaka ya mutu kafin ya miƙa igiya, kuma shi ya ɗauki asarar.

"Ashe ciniki sunka yi irin namu," ya ce a hankali.

Yau sabon injin na ruri a Illo, matasa sun samu aiki, shinkafar da a da ake shigowa da ita daga Benin yanzu 'yan can ke tsallakowa saye. Haƙurin Hamdiyya ya biya ta, don gaskiya ba ta buƙatar a ɗaga wa iyaye murya. Ran biki Malam da kansa ya sa aka dafa shinkafar surukinsa, ya ci har ya nemi ƙari.