Kiran da Ruwaida Ba Ta Yi Ba

"Umma, wai da gaske ba ke kinka haife ni ba? Dada ta ce ciro ni anka yi da wuƙa."

Ludayin da ke hannun Ruwaida ya tsaya cak a bakin tukunya. Ihsan, 'yarta mai shekara huɗu, ta kafe ta da ido tana jiran amsa, hannunta ɗaya riƙe da guntun ƙosai.

Daga ƙofar ɗaki Dada, uwar mijinta, ta yi gyaran murya tana jan carbi.

"To ƙarya na yi mata? Cikin barci anka ciro ta. Shi ya sa yanzu ko tusa ta murɗa miki ciki sai ki ce naƙuda ce."

Ruwaida ta mayar da ludayin cikin tukunya. Gaskiya ne, Ihsan a gicciye ta kwanta a ciki, likita ya sa rana aka yi aiki tun ciwo bai fara ba. Ga ta yanzu da ciki na biyu, wata tara cif, amma ba ta taɓa ɗanɗana naƙuda ba, ba ta san kamanninta ba.

Sau biyu ke nan a cikin kwana goma tana zaton naƙudar ce ta zo. Cikin ya ɗaure tamau kamar dutse, mara ta riƙe, ta kira mijinta Mannir daga Kebbe inda yake koyarwa. Sau biyu yana tako babur cikin caɓalin damina har Tambuwal. Sau biyu Dada, wadda ta baro gidanta don ta yi mata wankan jego, tana hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambayar ko an sauka. Sau biyun kuma aka dawo da ita daga asibiti da cikinta tirtsitsi, Dada ta zare itacen daga murhu tana yayyafa masa ruwa.

Ta ajiye ludayin ta shiga ɗaki. Mannir na tsaye yana cusa takardu a jaka, zai koma Kebbe.

"Abban Ihsan, ka ji abin da Dada ke gaya wa yarinya?"

"Na jiya."

"Shi ke nan? Ka jiya?"

"To mi kike so in yi, Ruwaida? In fita in yi faɗa da wadda ta haife ni?"

"Ban ce ka yi faɗa ba... kalma ɗaya kawai nika so. Ka ce mata ba da gangan nika yi ba."

Ya zaro wata takarda daga aljihu ya jefa a kan gado.

"Karanta wagga. Takardar tuhuma ce daga shugaban makaranta. Na bar yara cikin jarrabawa na fito kamar mahaukaci, na faɗi da babur a cikin laka, na iso na tarar ana ce miki ki koma gida ki sha ruwa!"

"Wallahi ciwo na ji..."

"Na san kin ji! Amma don Allah, don girman Allah, kada ki sake kira na sai kin tabbatar."

Maganar ta fi ta Dada zafi. Shi ne mutumin da ya kwana uku a barandar asibiti lokacin Ihsan, shi ne mai ɗaga mata ƙafafu a kan matashi idan sun kumbura yana ce mata hasken idona. Yau ga shi ya rataya jaka ya fita ko waiwaye bai yi ba. Ta ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace a kwanar layi.

Kwana biyar ba abin da ya haɗa su sai saƙon waya. Ya jiki? Da sauƙi.

Ranar Alhamis da hantsi tana tsintar shinkafa a tsakar gida abin ya zo. Ba daga gaba ya fara ba kamar kullum. Daga can ƙasan baya ya taso, ya zagayo ƙugu kamar ana ɗaure ta da igiya, ya sauka a mara. Ta riƙe bakin faranti har ya sake ta.

Ta tuna da Malama Hinde, nas ɗin da ke yi mata awo, wadda ta zaunar da ita ranar da aka sallame ta karo na biyu.

"Naƙudar ƙarya ba ta da tsari, ƙanwata. Ta zo yanzu, ta ɓace, ta dawo bayan awa biyu. In kin sha ruwa kin kwanta gefen hagu, ko kin ɗan zagaya, sai ta lafa. Ta gaskiyar kuwa da lokacinta take zuwa, tana ƙara matsowa tana ƙara ƙarfi, komai kinka yi ba ta jin rarrashi. Amma ke mai ɗinkin tiyata ce. Ke ba ruwanki da rarrabewa, ko wacce ce ki zo mu gani."

Ruwaida ta shiga ɗaki ta sha ruwa kofi biyu, ta kwanta gefen hagu, ta ɗauko katin awo da biro tana duban agogon waya. Ta rubuta lokacin a bayan katin.

Bayan minti ashirin ya dawo. Ta rubuta. Bayan wasu ashirin ɗin ya sake dawowa.

Ta tashi ta zagaya ɗakin, ta dafa bango, ta koma ta kwanta. Bai lafa ba. Kafin kiran azahar tazarar ta dawo minti goma, kuma da ta shiga banɗaki ta ga wani abu mai yauƙi haɗe da jini kaɗan a zaninta.

Ta ɗauki waya ta nemo sunan Mannir. Yatsanta ya tsaya a kai.

Yau ne jarrabawar ƙarshe, shi ke tsaron ɗalibai, sai ƙarfe biyu za a tashi. In ta kira ya sake barin aji, aka je aka ce bakin mahaifa bai buɗe ba fa? Wace fuska za ta kalle shi da ita? Ta hango Dada tana zare itace a karo na uku, ta ji dariyar matan layi.

Ta ajiye wayar. Bari dai a tashi daga jarrabawa.

"Ke! Shinkafar ga ita za ta dafa kanta?" Dada ta ƙwala kira daga waje.

Ta fito tana takawa a hankali, ta durƙusa gaban murhu.

"Dada..." ta ce cikin ƙaramar murya, "wai ta gaskiyar, yaya ake gane ta?"

Dada ta taɓe baki.

"In ta zaka ba a tambaya. Ni tara na haifa, fuɗu daga ciki ko maƙwabta ba su ji motsina ba sai kukan jinjiri. Mace da kunya anka san ta."

Ruwaida ta sunkuyar da kai. Ciwon ya taso a daidai lokacin, ta cije gefen mayafinta, ta ci gaba da tura itace a wuta kamar hayaƙi ne ya kawo mata ƙwalla.

Ƙarfe biyu ta yi, ba ta kira ba. Yanzu yana haɗa takardu, bari ya gama. Biyu da rabi... yanzu yana salla. Layukan bayan katin sun cika, tazarar ta koma minti biyar, ta daina rubutawa.

Wajen ƙarfe uku wayar ta yi ƙara. Shi ne.

"Hasken idona," ya ce, muryarsa a sanyaye. "An gama jarrabawa. Kwana biyar ban yi barcin kirki ba. Maganar da na gaya miki rannan..."

"Ba komai, Abban Ihsan."

"Da komai. Ya jikin?"

"Lafiya lau nike. Shinkafa ma na..."

Numfashinta ya ɗauke. Wannan karon ba irin na ɗazu ba ne. Wani abu ne mai kaifi ya tsaga ta a daidai tsohon ɗinkin, kuma bai sake ta ba.

"Ruwaida? Ruwaida! Mi ya faru?"

"Ba... komai..."

"Tun yaushe?"

Ta dafe mara da hannu ɗaya.

"Na haɗa ki da Allah, tun yaushe?"

"Tun hantsi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun hantsi, ba ki kira ni ba?"

"Ina so in tabbatar..."

Ta ji yana ta kiran sunanta. Wayar ta suɓuce daga hannunta.

Faɗuwar wayar ce ta shigo da Dada. Ta tarar da ita durƙushe a gefen gado, gumi ya jiƙe ta sharkaf, leɓɓanta sun yi fari, jini na bin ƙafarta. Tsohuwar ta dubi katin da ke ƙasa, ta ga layukan biro jere reras. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta haifi tara, ta san abin da idonta ya gani.

"Wayyo ni Allah! Ɗiyar mutane! Mi ya sa ba ki faɗi ba?"

"Kin ce... ba a tambaya..."

Dada ta fita da gudu ba ko takalmi, ita da take ƙorafin ciwon gwiwa kullum. A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Bube maƙwabcinsu, ya riga ya tayar da mota, Mannir ya kira shi daga Kebbe. Matar Bube ta ɗauke Ihsan. Dada ta rungume Ruwaida a kujerar baya, kanta a cinyarta, tana tofa mata duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Yi ihu, ɗiyata, yi ihu abinki! Kada ki riƙe!"

Ruwaida ba ta da sauran ƙarfin ihun.

Abu na ƙarshe da ta gani shi ne fuskar Malama Hinde a kanta, gado na gudu da ita, ana kiran a buɗe ɗakin tiyata.

Da ta farka rana ta sake fitowa. Ledar jini na rataye a gefenta. Mannir na zaune a ƙasa, wandonsa duk busasshiyar laka, auduga manne a gwiwar hannunsa inda aka ɗebi jininsa, ya kifa goshi a bakin gadon.

"Abban Ihsan..."

Ya ɗago firgigit. Idanunsa sun yi jawur.

"Ina jinjirin?"

"Shina nan. Namiji ne. Ya daɗe bai yi kuka ba, sai da sunka sha wahala a kansa... amma ya yi. Shina hannun Dada."

Ta lumshe ido tana hamdala. Da ta buɗe ta ga bai saki fuska ba.

"Akwai saura. Gaya mini."

Ya kama hannunta da hannu biyu.

"Ɗinkin ne ya buɗe. Jinin ya ƙi tsayawa, Ruwaida. Likita ya fito ya ce ko mahaifar ko ke. Ni na sa hannu anka cire ta."

Ta daɗe tana kallon silin. Shekararta ashirin da biyar. Sunaye shida suka taɓa jerawa ita da shi a farkon aure, suna dariya suna gardama a kan wanda za a fara sa wa. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunnenta.

"Shi ke nan... na gama?"

"Kina da rai. Wallahi da za a sake kawo takardar sau ɗari, sau ɗari zan sa hannu." Muryarsa ta karye. "Ni na jawo. Takardar shugaban makaranta ta fi mini ke nauyi rannan. Ki yafe mini, ko ba yau ba."

"Ni ma an gaya mini in zo. Malama Hinde ta gaya mini da bakinta. Kunya na ji."

"Mu munka sa miki ita."

Aka turo ƙofa. Dada ce, jinjirin naɗe a zani a ƙirjinta. Ta kwantar da shi a gefen uwarsa, ta gyara masa hula. Sannan ta koma ƙarshen gadon, ta kama ƙafafun surukarta biyu ta riƙe, a gaban ɗanta na fari wanda ko sunansa ba ta faɗi.

"Bakina ne ya yi wanga aiki, ɗiyata," ta ce.

Ruwaida ta juya ta dubi yaron. Ɗan mitsitsin bakinsa na motsi yana neman nono. Ta miƙa hannu ɗaya ta jawo shi, ɗayan kuma ta bar shi a cikin na mijinta. Su ukun suna kuka, jinjirin kaɗai ne bai yi ba.

Ke da kike karanta wannan da tsohon ciki, ki saurare ni da kyau. In ciwo ya fara zuwa da lokacinsa yana ƙara matsowa, kin sha ruwa kin kwanta bai lafa ba, ɗauki mayafinki. In faya ta fashe, ko kin ga jini, ko motsin ɗan ya ragu, kada ma ki tsaya duba agogo. In kuwa an taɓa yi miki aiki, ba naki ba ne ki zauna a ɗaki kina tantance ta ƙarya da ta gaskiya, aikin masu asibiti ne. Gara a dawo da ke gida sau goma ana yi miki dariya. Masu dariyar nan, wallahi ko ɗaya ba za ta shiga ɗakin tiyata a madadinki ba.